Tikiti Mai Araha Zuwa Funtua

"Ƙarfe nawa motar za ta tashi?"

Tambayar da na yi ke nan a tashar motocin Funtua da ke Kano. Ɗan kamashon ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi jakar da ke goye a bayana, sannan ya ɗaga murya ya kira direban.

"Manu! Zo ka ji wata sabuwa. Wai ƙarfe nawa za ka tashi?"

Direban yana tsugune yana shan fura, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "In ta cika, Hajiya."

Na sani fa. Wallahi na sani. A Funtua aka haife ni, a cikin irin waɗannan motocin na yi ta kai da kawowa lokacin da nake sakandare. Amma shekara uku ke nan ina ƙasar Hungari ina karatun likita, ban leƙo gida ba ko sau ɗaya, kuma can in an rubuta jirgin ƙasa zai tashi takwas da minti bakwai, kana zuwa takwas da minti takwas sai dai ka hango bayansa. Bakina ne ya riga hankalina. Ga shi ranar ba ni da minti ɗaya na zubarwa, don ban san ko zan tarar da babana da rai ba.

Baba ya kwanta tun farkon damina. Hawan jini ne ya kayar da shi a bakin shagonsa na taki da iri, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Sau ɗaya na ji muryarsa bayan nan, harshen ya yi nauyi, yana ta cewa in mai da hankali ga jarrabawa. Daga ranar duk kiran da na yi Yaya Abdussamad ne ke ɗauka, babban wanmu. Yau ya ce Baba yana barci, gobe ya ce likita ya hana shi yawan magana. Ni kuma jarrabawa ta sha mini kai, sati shida cur, sai na riƙa karɓar abin da aka ba ni. Na ajiye alƙalami ranar Alhamis, ranar Juma'a Yaya ya kira.

Ya ce, "Inna ta ce in da hali ki zo gida hutun nan."

Na ce, "Da gaggawa ne?"

Ya ce, "A'a. Ki dai zo."

Mutanen da na zauna cikinsu in sun ce ba gaggawa, to ba gaggawar. Tallafin karatun da nake kai yana biyan makaranta da ɗaki da ɗan abin sawa a baki, babu kuɗin jirgi a ciki. Na duba tikitin gobe da jibi, na ga abin da ya sa na kife wayar. Can ƙasa na hango wani mai araha, sai nan da kwana goma sha ɗaya. Ba a yarda da akwati ba sai jakar goyo, za a fara da doguwar tafiya a mota zuwa wata ƙasa, a sauka Alƙahira a yini cur a kan benci, sannan Kano. Shi na saya, har ina yaba wa kaina wayo.

A kan bencin Alƙahira ne abin ya faɗo mini a rai. Inna ba ta taɓa aikowa in zo ba. Matar da ta hana ni zuwa auren ƙanwata, wai kada a ɓata kuɗin jirgi a kan shinkafar biki, yau ita ce ke cewa in zo? Tun daga lokacin ban sake samun sukuni ba.

Sai da muka yi awa ɗaya da rabi motar ta cika. Mutum huɗu a baya, biyu a kujerar gaba, but ɗin ya ƙi rufuwa aka ɗaure shi da igiya. Na laluba bel zan ɗaura, na tarar an cusa shi ƙarƙashin kujera tun ban san yaushe ba. Wata dattijuwa mai jiki, Hajiya Kulu, ta zauna rabi a kan kujera rabi a kaina, ta ɗauki jikarta ta ɗora mini a cinya ko tambaya babu. Shekara uku ba wanda ya gogi kafaɗata bai ba ni haƙuri ba, yau ga 'yar mutane tana goge majina da gefen hijabina. Na ja tsaki a ciki. Abin haushin, ni ma na san da haka nake yi wa mutane, kuma ba wanda ya taɓa ganin laifina.

Muna fita gari Hajiya Kulu ta juyo. "'Yan mata, daga ina?"

Na faɗa mata.

"Turai? Da wannan 'yar jakar? To ina tsarabar?"

Motar ta kwashe da dariya. Raina ya ɓaci, na ce, "Ba yawo na zo ba, Hajiya. Babana ne ba lafiya."

"Ayya, Allah ya ba shi lafiya. 'Yar wa ce ke a Funtua?"

"Alhaji Ummaru mai taki, na kan hanyar Dandume."

Akwai wani mutum a kujerar gaba, mai jar dara, tun daga tasha yake zuba a kan tsadar taki da yadda ruwa ya yi wa waken suyarsa yawa. Yana jin sunan ya yi tsit. Ya waiwayo ya dube ni, ya ce, "Allah sarki." Ya juya ya ci gaba da kallon titi.

Na ce, "Malam, ka san shi?"

"Na san shi. Mutumin kirki."

"Ya jikin nasa?"

"To, ni na kwana biyu ban bi ta wajen ba."

Daga nan motar ta canza. Direba ya kashe waƙar da yake ji. Hajiya Kulu ta ɗauke jikarta daga cinyata ta mayar kan tata, ta muskuta ta matse sauran biyun don in samu wuri. Da muka tsaya a Gwarzo mai jar dara ya sayi gasasshiyar masara ya miƙo mini ba tare da ya waiwayo ba, wani kuma ya miƙo ruwan leda. Tun da nake ban taɓa jin tsoron kirkin mutane irin na ranar ba. Na riƙe masarar tana ƙona mini hannu.

Na kasa daurewa. Na dafa bayan kujerarsa na ce, "Malam, don girman Allah ka faɗa mini gaskiya. Yana da rai ko ba shi da rai?"

Hajiya Kulu ta mintsine ni a cinya, mintsini na gaske. "Ke! Wace irin magana ce wannan? Ana yi wa mutum irin wannan tambayar? Ki ce Allah ya ba shi lafiya mana!"

"Tambaya ce kawai, Hajiya. I ko a'a."

"Can ake i ko a'a. Nan addu'a ake yi."

Na koma na jingina ina huci. A asibitin da nake koyon aiki, likita kan zaunar da mutum ya ce masa wata uku ya rage maka, mutumin ya tashi ya yi godiya ya tafi ya shirya. Da farko abin yana ba ni tsoro, ina cewa waɗannan mutane ba su da tausayi. Ban san lokacin da na koma son haka ba. Yanzu ga ni cikin mutanena, yarensu nake ji kalma bayan kalma, amma ba mai ba ni abin da zan riƙe.

Can Hajiya Kulu ta sassauta murya. "Yaushe aka aika miki?"

"Yau kwana goma sha uku."

"Wa ya aika?"

"Innata."

Ta zaro ido. "Uwarki ta aiko ki zo, kika zauna?"

"An ce mini ba gaggawa. Jirgi mai araha nake jira."

Ta gyara ɗaurin ɗankwalin jikarta, ta ce, "Hmm." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Layina na can ba ya aiki a nan, tsohon layina na gida kuma an daɗe da rufe shi. Na ari wayarta na kira Yaya Abdussamad. Bugu ɗaya ya ɗauka, kamar wanda yake zaune yana jira.

"Kin sauka lafiya? Kuna ina?"

"Mun wuce Gwarzo. Yaya, ba ni Baba."

"Ki sauka a Malumfashi, kada ki wuce. Baffa Maitama yana nan yana jiranki a shataletale."

"Baffa? Me ya kawo Baffa Malumfashi? Yaya, Baba yana asibitin can ne?"

"Ba na jin ki sosai, sabis ba kyau. Sai kun iso."

Ya kashe. Ni kuwa ras nake jin sa, har kukan akuyar gidanmu na jiyo ta bayansa.

Baffa Maitama ƙanen Baba ne, dillalin hatsi a kasuwar Dandume, mutumin da ko 'ya'yan cikinsa bai taɓa zuwa tarya a tasha ba. Yaro in ya dawo daga tafiya shi ke zuwa ya same shi. A ce wannan mutumin ya bar ma'aikata a gona, a tsakiyar damina, ya tuƙo mota har Malumfashi don ya ɗauki Raudatu? Sai na kama wani zare na riƙe: wataƙila an kawo Baba babban asibitin Malumfashi ne, shi ya sa za a tsayar da ni a nan. In haka ne yana da rai. Daga Dayi har muka shiga gari wannan zaren nake ja.

Da zan sauka Hajiya Kulu ta kama hannuna da hannu biyu ta ce, "Allah ya sa ki tarar da alheri, 'yar nan." Mai jar dara bai waiwayo ba.

Na hango Baffa tsaye jikin tsohuwar a-kori-kurarsa, ya harɗe hannu a baya. Na tsallaka titi da gudu, mai Keke ya kusa kwashe ni yana zagi. Na tsaya ƙiƙam a gabansa, idona cikin idonsa, na ce, "Baffa, yana asibitin nan ne? A wane ɗaki?"

Ya dubi fuskata, ya sauke ido ya dubi gwiwoyina, ya jira.

Kunya ta rufe ni. Na durƙusa a bakin titi, jakar bayana ta kusa rinjaya ta in faɗi rigingine. Na ce, "Baffa, ina wuni."

"Lafiya lau, Rauda. Kin zo lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya hanya?"

"Lafiya lau."

"Ya karatu? Ya mutanen can? Ya kika baro abokan zama? Ya gajiya?"

Ɗaya bayan ɗaya ya jero su, bai tsallake ko guda ba, ni kuma ina amsawa kamar mai haɗiyar tsakuwa. Da ya gama ya ce, "Madalla. Kin ci abinci?"

"Baffa, ba na jin yunwa. Asibitin..."

"Ba ya asibiti. Tashi mu je ki ci abinci."

Zaren da na riƙo ya tsinke. Ya kai ni wata rumfar mai abinci a bayan tasha, ya sa aka zubo shinkafa da wake da mai da yaji, har da ƙwai, ya zauna a benci yana fuskantar titi. Na san wannan ma. Na taɓa gani an yi wa wata maƙwabciyarmu, sai da aka tabbatar ta cika cikinta sannan aka faɗa mata rasuwar da aka yi mata. Cokalin ya yi mini nauyi.

Na ce, "Baffa, ni fa likita nake karanta. Na ga gawa, na taɓa gawa da hannuna. Ba faɗuwa zan yi ba. Don Allah ka faɗa mini."

"Ci abincinki, Rauda."

"To hawan jinin nawa ne yanzu? Wane magani yake sha? Yana gane mutane? Yana haɗiye abinci?"

"Ni aiko ni aka yi in kawo ki gida. A hanya muke."

"Haba, Baffa! Ubana ne fa!"

Muryata ta tashi har mai abincin ta waiwayo da ludayi a hannu. Ban taɓa ɗaga wa Baffa murya ba, ba wanda ya taɓa a gidanmu. Na jira ya balbale ni. Sai kawai ya ce a hankali, "Wana ne kuma." Ya tura mini kofin ruwa.

Na ci loma biyar, shi ya ƙirga da ido. Sannan aka kira la'asar, ya ce sai ya yi salla. Ya nuna mini inda mata ke yi, ya shige masallaci da tafiyarsa ta ƙasaita, ba sauri ko kaɗan. Na idar kafin shi na dawo jikin mota na tsaya ina juya abin. Mutumin da wansa ke kwance rai a hannun Allah ba ya tafiya haka. To ko dai Baba ya ji sauƙi da gaske, ko kuma babu sauran abin da za a yi wa sauri. Na juya shi ta nan, na juya shi ta can, duk biyun suka zauna daram.

Muka ɗauki hanyar Funtua. Gari ya yi luf, hadari yana haɗuwa ta gabas. Masara ta fi mutum tsayi hagu da dama, ta yi shar, wani wuri auduga, wani wuri waken suya. Shekara uku ina mafarkin wannan hanyar, in na gaji da dusar ƙanƙara sai in rufe ido in gan ta. Yau ga ta, ni kuwa allurar gudun motar nake kallo, Baffa ya kafe ta a wuri ɗaya kamar mai ɗauke da ƙwai. Kowane rami sai ya taka birki ya lallaɓa. Kowane shinge sai ya sauke gilashi ya gaisa da masu tsaro, har da tambayar iyali.

Wajen Bakori na kasa riƙe abin da ke cina. Ban dube shi ba na ce, "Baffa, laifina ne. Tun ranar da Yaya ya kira akwai jirgi washegari. Da na nemi taimakon ƙawayena da na samu. Na zauna kwana goma sha ɗaya ina jiran mai araha. Kwana goma sha ɗaya, ina wanki, ina yawo a bakin kogi. In har na tarar..."

Na kawar da kai na kalli gonaki.

Wata babbar mota ta wuce mu, ta watsa mana ruwan kwata a gilashi, ya kunna abin sharewa. Sannan ya ce, "Kada ki sa wannan a ranki."

"Me ke nan, Baffa?"

"Abin da na faɗa."

Kai! Na ji kamar in buɗe ƙofa in dira in ƙarasa da ƙafa.

Sai na koma lissafin likita, in bi alama tunda ba mai magana. Ranar Talata, kafin in bar ɗakina, na kira Yaya ya ce Baba yana barci. To ranar Talata yana da rai. Yau Alhamis. In wani abu ya faru a tsakanin nan, ko sadakar uku ba a yi ba. Zan tarar da ƙofar gida cike da maza, an shimfiɗa tabarmi har bakin titi, an kafa rumfa saboda ruwa, ga takalma, ga butoci, ga babura jere. Baba ba ƙaramin mutum ba ne, rabin manoman yankin nan a wurinsa suke ɗaukar iri. Ba yadda za a ɓoye wannan. Ƙofar gida za ta faɗa mini abin da mutane suka ƙi faɗa. Na ƙanƙame jakata, na zuba ido.

Muka shiga Funtua. Babura da Keke suka yanyame mu, ga warin man gyaɗa da na hayaƙi, ga manyan motoci cike da buhuna. Muka tsallake layin dogo, muka wuce katangar gidan gurzar auduga, muka karya kwana zuwa hanyar Dandume. Shagon Baba a buɗe yake, na hango buhunan taki a waje. Kwana ta biyu, layinmu.

Babu rumfa. Babu tabarma ko ɗaya. Ƙofar gidanmu fayau, sai tunkiya a ɗaure jikin bishiyar dogon yaro, da 'yan mata biyu suna 'yar gala-gala a ƙasa. Telan da ke kallon gidanmu yana ta taka kekensa, rediyo na yi.

Na ce, "Alhamdu lillahi!" da ƙarfi. Dariya ta kuɓuce mini, hawaye na zuba. Na bugi gaban motar da tafin hannu. "Baffa, wallahi kun kusa kashe ni da tsoro! Me zai hana ku ce mini yana gida kawai?"

Baffa ya kashe mota. Bai fito ba, ya bar hannuwansa biyu a kan sitiyari.

Ban tsaya ba. Na dira, na shige zaure ko sallama ban yi ba, ina kiran "Baba! Baba, na zo!" Turakarsa tana hannun dama da an fito zaure. Na kai hannu zan ɗaga labule, babu labule. Ƙofar a rufe take da kwaɗo. Takalmansa ba sa bakin ƙofa, butarsa ba ta nan. A tsagin simintin dokin ƙofar, inda yake ajiye ƙafa kullum in zai yi alwala, ciyawa ta tsiro har ta kai tsawon yatsa.

Na juya a hankali.

Inna tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, carbi a hannu. Farin hijabi ne a jikinta, wanda ya sha wanki. Babu kwalli a idonta. Inna, wadda ko madafi ba ta shiga sai ta zizara kwalli. Babu lalle a hannunta, babu zobe, babu awarwaro. Takaba take yi.

Na ce, "Inna, yaushe?"

"Zo ki zauna, Rauda."

"Ba zan zauna ba. Yaushe?"

Yaya Abdussamad ya fito daga sashensa ya tsaya nesa, kansa a ƙasa. Inna ta dube ni sosai, ta ajiye carbin a cinya.

Ta ce, "Shekaranjiya aka yi arba'in."

Ban gane ba da farko. Na tsaya ina juya kalmar. Arba'in. Kwana arba'in. Ashe tun ina tsakiyar jarrabawa, tun ina zaune a ɗakin karatu ina haddace sunayen jijiyoyi, an riga an kai shi an dawo. Shekaranjiya kuma Talata ce.

Na juya kan Yaya. "Ranar Talata ka ce mini yana barci! Ranar Talata! Ana sadakar arba'in ɗinsa kana ce mini yana barci? Sati shida kana yi mini ƙarya, Yaya? Ni ba 'yarsa ba ce? Kare ce ni da za a binne ubana ban sani ba?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Shi ya ce."

"Wa?"

Inna ta ce, "Babanku. Ranar da zai cika, da hantsi, ya kira ni da yayanki da Baffanki. Maganar ba ta fita sosai, amma sau biyu ya faɗa. Ya ce kada wanda ya gaya wa Rauda sai ta ajiye alƙalami. Ya ce in aka gaya miki za ki watsar da komai ki taho, shekara ta tafi a banza." Ta shafa carbin da ke cinyarta. "Kuma ba a faɗa wa mutum irin wannan yana wata ƙasa shi kaɗai, ba mai riƙe shi. Shi ya sa kina gamawa na ce a kira ki. Na lissafa, na ga in kin taso a satin za ki samu arba'in, ki ga dangi, ki ga mutanen babanki, a yi addu'ar da ke."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ko alamar zargi babu a muryarta.

Na zube a tsakar gida, jakar tana bayana har yanzu. Ina so in yi fushi, na rasa da wa. Na buɗe baki kukan ya fito, irin wanda ban san ina da shi ba, har tunkiyar waje ta amsa.

Ina kuka ina ganin gidan. Matar Yaya ta tsaya da tankaɗe a hannu, ta share ido da gefen zane, can ta ci gaba da tankaɗenta don tuwon dare ba zai jira ba. An shanya kayan yara a igiya. Manyan tukwanen da aka aro na sadaka suna kife a jikin bango, an wanke su, ana jiran masu su. Mutanen Dandume sun zo sun tafi, na Bakori sun zo sun tafi, ƙanwata ta koma ɗakinta jiya. Kowa ya yi kukansa ya gama tun tuni, ya saba. Ni kaɗai ce yau babana ya rasu.

Inna ta bar ni sai da na gaji don kaina. Sannan ta taso ta zare mini jakar daga kafaɗa, ta ce wa matar Yaya, "Ɗauko tabarma ki shimfiɗa mata a nan. A leƙa a gaya wa maƙwabta Rauda ta iso."

Tabarma ɗaya aka shimfiɗa, ƙarama, kusa da ta Inna. Na zauna na miƙe ƙafa, Inna ta taɓa gwiwata na naɗe su. Ba a jima ba aka yi sallama. Hajo ce, tsohuwar da ke bayan gidanmu, wadda ta yi mini wanka ina jaririya. Ta cire takalmi, ta durƙusa a gabana da ƙyar tana dafa ƙasa.

Ta ce, "Rauda, kin zo lafiya? Ya haƙuri?"

Na buɗe baki. Amsar da kowane yaro a layin nan ya sani ta ɓace mini ɓat. Na dube ta, ta dube ni, tana jira.

Inna ta sunkuyo kusa da kunnena ta ce a hankali, "Ki ce, da godiya."

Na ce, "Da godiya."

Hajo ta ɗaga hannu ta fara yi wa Baba addu'a, muka shafa. Kafin ta tashi wata ta yi sallama a zaure.